Gurbin Yatsu Biyu

Tun da na dawo daga Japan ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayin bakin layinmu a unguwar Lamisula, kafin ma a miƙo mini kofi, sai wani ya gyara zama ya ce, "To Habu, wai da gaske ɗanyen kifi suke ci?" In ba da amsa yau, gobe wani ya zo da ita dai. Abokina Modu, wanda muka taso tare tun muna buga ƙwallon tsumma a nan Yerwa, birnin Barno, shi ya fi kowa naci. Ranar da ya ga na fara gajiya ya ce, "Kai dai rubuta mana, ka huta mu huta." To ga shi na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata batun kifi, takardar nan zan miƙa masa in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni makanike ne a ma'aikatar ruwa, injinan rijiyar burtsatse nake gyarawa. Mahaifina kuwa marubuci ne. Bakano ne, ya zo Barno yana saurayi don ya koyi irin hannun rubutun nan garin, ya zauna ke nan. Mutane kan kawo masa tsofaffin littattafai da suka fara cinyewa, ya kwafe su a sabuwar takarda da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa.

Yadda Japananci ya shigo gidanmu, ta bakin inji ya shigo. An kawo wa unguwarmu wani injin ruwa daga can, tare da wani ɗan siririn injiniya da ya yi wata biyu yana kafa shi. Da zai tafi ya bar mini ƙaramin ƙamus, da littafin koyon harshensu, da kaset uku, don ya ga ina yawan leƙa takardunsa. Bayan shekara biyu injin ya tsaya cak. Littafin gyaransa na nan, mai kauri, amma duk ma'aikatarmu babu mai iya karanta layi ɗaya. Matan unguwa suka koma ɗaukar bokiti zuwa wata unguwa tun da sassafe. Ni kuma kullum in buɗe littafin in zuba masa ido. Modu ya ce sawun kaji ne a kan yashi. Ni kuwa ƙananan gidaje nake gani, masu ƙofofi da tagogi, kuma na tabbata akwai mutane a ciki suna magana.

Hanya ɗaya na sani ta sa abu a ka, wato allo. Na sayo sabo a Kasuwar Litinin, na riƙa rubuta haruffansu goma goma, in biya, in wanke, in sake. Baba yakan tsaya a kaina ya daɗe yana kallo. Wata rana ya ce, "Ban san me suke faɗa ba, amma masu wannan rubutu sun san girman alƙalami." Shekara uku ina haka. Sai ga sanarwa an ba ma'aikatarmu gurbin mutum ɗaya ya je Japan koyon aikin injinan. Sharaɗin shi ne wata shida ana koyon harshe, sannan a zauna babbar jarrabawarsu ta ƙwarewa a Japananci. Wanda ya ci ya wuce masana'anta ya yi shekara. Wanda ya faɗi a sa shi a jirgi ya koma gida hannu rabbana. Da yake ni kaɗai na iya gaisuwa da harshen, ni aka zaɓa.

Sai na ɗan koma baya, don in ban faɗi wannan ba sauran labarin ba zai zauna ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu Baba ya ba ni wani tsohon shafi in kwafe. A tsakiyar layi akwai kalmar da gara ta cinye. Na duba gaba, na duba baya, na ga abin da ya dace da wurin, na rubuta. Da ya duba bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya ce, "Wannan kalma ta wa ce?" Na ce tawa ce. Ya ce, "Wanda zai karanta bayan mun mutu, ta yaya zai san wacce ce ta mai littafi, wacce ce taka? In ba ka sani ba, ka bar gurbin. Gurbi ba ya yi wa kowa ƙarya." Shi haka yake aiki. Akwai littafin da ya bar gurbi a ciki shekara tara, sai da wani malami Shuwa ya zo da wani kwafi sannan ya cike. Ranar da zan tafi ma, a zaure, bayan addu'a, abin da ya ce da ni ke nan kaɗai: "Habu, kada ka rubuta abin da ba ka sani ba." Na ce in Allah ya yarda. A raina ina cewa wannan ai mai sauƙi ne.

Inna ta ɗaure mini kilishi, da yaji, da kwalbar turaren wuta. Na cusa allona a tsakiyar kaya. Motarmu ta tashi daga tasha da hantsi, taya ta fashe kafin Damaturu, ta sake fashewa bayan Potiskum, muka zauna a gindin wata bishiya direba yana faci yana zagin mai motar. Kusa da ni akwai wani dattijo Shuwa, dillalin shanu. Da ya ji inda za ni, sai ya ce, "Gaba da Makka ne?" Na ce nesa ma kuwa. Ya tauna goronsa, ya ce, "To in ka wuce ta, ina za ka fuskanta in za ka yi salla?" Muka yi dariya duk motar. Ashe dattijon nan ya fi mu tunani. Tun da aka haife ni alƙibla gabas take, sai ga ni a can ina kallon inda rana ke faɗuwa. Har na dawo, duk sanda na tayar da salla sai in ji kamar gida nake kallo, kuma sai in tuna da shi.

Kano na kwana biyu wajen dangi, Legas na yi kwana huɗu ina bin layin biza. Jirgin kuwa ba zan iya ba ku labarinsa daidai ba, don ni kaina ban san kwana nawa na yi a ciki ba. Mun sauka a Turai, muka canza wani, ya ɗauke mu ta saman duniya ya sauke mu a wani wuri mai duwatsun ƙanƙara don ya sha mai. Agogona ya ce lokaci kaza ne, na bangon ya ce wani abu dabam, rana kuma ta tsaya a gefe guda ta ƙi motsi. Na zauna jikin gilashi ina kallon farin da ba shi da iyaka, ina jin kamar an ajiye ni a wani wuri da ba a ƙarasa halitta ba. Barci nake ji, amma ban san ko lokacinsa ne ba.

A bakin shiga Japan wani jami'i mai farar safar hannu ya buɗe akwatina. Ya ɗaga kilishin, ya sunsuna, ya sunkuya mini har sau biyu, ya ba ni haƙuri, ya jefa shi a wani kwando. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum abu da ladabi irin wannan ba, har na rasa ta inda zan fara jin haushi. Sai ya ciro allon. Ya juya shi, ya ga haruffansu jere da baƙar tawada, na ƙarshen da na rubuta ban wanke ba. Ya kira ɗan uwansa, suka haɗa kai suna kallo. Ya tambaye ni wa ya rubuta, na ce ni ne, da ɗan Japanancin kaset ɗina. Ya sa yatsa a kan harafi na huɗu, ya zana a iska, ya nuna mini na manta ɗan layi guda a ƙasa. Sannan ya miƙo mini allon da hannu biyu. Darasina na farko ke nan a ƙasar, ban ko fita daga filin jirgi ba.

Masaukinmu wani dogon gida ne a bayan gari, mu goma sha wani abu daga ƙasashe dabam dabam. Mai kula da shi wata tsohuwa ce gajeruwa, kowa na ce mata Obasan, kamar dai ka ce Gwaggo. Cire takalmi a bakin ƙofa bai ba ni wuya ba, mu ma haka muke. Zama a tabarma ma haka. Gaisuwarsu ce ta ba ni mamaki. Mu nan in an fara wushe wushe, gaisuwarmu ta Barno, sai an tambayi gida da yara da gajiya da zafi. Su ba sa tambayar kowa, sunkuyawa kawai suke yi, amma ita ma ba ta ƙarewa, don duk wanda ya fara miƙewa kamar shi ya yi rashin kunya. A jirgin ƙasa kuma mutum ɗari, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba mai ce wa wani sannu. Makon farko na ɗauka an yi musu rasuwa ne.

Kwana na uku kewar gida ta kama ni da la'asar. Na sami ɗan gawayi a wajen mai gasa dankali, na sa a murfin gwangwani, na zuba turaren Inna. Ɗakin ya cika da ƙamshin ɗakinta, na lumshe ido, har ina jin motsin tukwanenta. Sai wata ƙararrawa ta ɓarke a saman kaina. Kafin in gane daga ina take, duk gidan ya fito waje a layi, Obasan ta shigo da jan tulun kashe gobara. Ta tsaya, ta dubi gwangwanin, ta ja numfashi, ta sake ja. Ta yi mini faɗa sosai, rabi na ji rabi ban ji ba. Washegari ta ƙwanƙwasa ƙofata da ɗan ƙaramin kwano, wai in sam mata kaɗan.

To ga batun kifin, Modu. E, suna ci ɗanye, na kuma ci, ban mutu ba. Ba shi da ƙarni, amma duk wanda ya san bandar kifin Baga ba zai yi kewarsa ba. Shinkafarsu fara ce sal, ba mai ba miya, sai na riƙa barbaɗa yajin Inna a ɓoye. Haruffa biyu na fi riƙewa da kyau, na alade da na giya, duk abin da zan saya sai na juya bayansa na neme su. Akwai kuma wani waken da suke ci da safe, mai yauƙi, mai wari, wanda baƙi ke gudu. Ranar da Obasan ta ajiye shi kowa ya toshe hanci. Ni kuwa da na sunsuna sai na ji daddawa ce tsaf. Na cinye nawa na haɗa da na maƙwabcina. Tun daga ranar tsohuwar nan ta ɗauke ni ɗa.

Malamarmu sunanta Malama Morita. Siririya ce, tana magana a hankali, ba ta taɓa maimaita umarni. Da ta ga rubutun hannuna ta ɗaga shi ta nuna wa aji, kaina ya yi girma. Amma girman kan bai kai mako ba. Kowace Juma'a da safe akwai jarrabawar gwaji, irin ta gaske sak, da agogo a kan tebur. Ashe ba a rubuta komai a ciki. Kowace tambaya tana da amsa huɗu, a gabanka kuma wata takarda mai 'yan da'irori, ka zaɓi ɗaya ka baƙanta ta da fensir. Wai na'ura ce ke dubawa, ba ma mutum ba. Shekara uku ina gyara hannu, na zo inda ba a bukatar hannun.

Gwajin farko ban kai rabi ba aka ce a ajiye fensir, don na saba ba a wuce layi sai an biya shi. Wannan Malama ta gyara mini da agogo, ta koya mini tsallakewa in dawo. Ɗayar matsalar ce ta ƙi gyaruwa. Bayan gwaji na huɗu ta tsayar da ni, ta shimfiɗa takardata.

Ta ce, "Habu, duk wadda ka cike daidai ce, ko ɗaya ba ka kuskure ba. Amma ka bar talatin da ɗaya babu komai. Lokaci ne bai ishe ka ba?"

Na ce, "Ya ishe ni, Malama. Ban san su ba ne."

Ta ce, "In ba ka sani ba sai ka zaɓi wadda ta fi kama. Ba a rage wa kowa maki don ya yi kuskure. Kowa haka yake yi."

Na gaya mata labarin gara da abin da Baba ya ce a zaure, da guntun harshena, ina haɗawa da hannu. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Na ji. Amma na'urar ba ta san mahaifinka ba. Da wannan makin, gida za ka koma a farkon shekara."

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na hango kaina ina sauka a tasha da akwati, na hango matan unguwa da bokitansu suna yi mini sannu da zuwa. Na ce to akwai wata hanya? Ta ce akwai, in san komai, ta yadda ba sai na canka ba. Da wasa ta faɗa, ni kuwa na riƙe ta da gaske.

Daga nan na zama mayen karatu. Malama ta kwaso mini littattafan yaranta na da, masu labarin dila da tsofaffi da duwatsu. Obasan ta riƙa ajiye mini jaridar jiya da takardun tallan kanti. Na karanta bayan kwalin madara, na karanta gargaɗin da ke jikin injin wanki, na karanta allunan hanya har na taɓa yin karo da turken fitila. Da safe allo, da rana aji, da yamma kaset a kunne. Ranar Lahadi nakan hau jirgin ƙasa da littafi, don a nan ne kowa ke shiru.

Wata Lahadi, lokacin da ganyen itatuwansu ya koma ja, barci ya sace ni a jirgin da rana tsaka. Na ga Kasuwar Litinin, rumfunan atamfa da na hatsi duk an rubuta musu suna da Japananci, Baba yana tafe a gabana da alƙalami a bayan kunne yana karanta su ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko tsayawa. Ina ta sauri in cim masa. Sai na ji ana taɓa kafaɗata. Wani tsohon ma'aikacin jirgi ne, ba kowa a taragon sai ni, ta taga kuma ga teku shimfiɗe. Na fito na tsaya a dandamalin, iska mai gishiri tana kaɗa ni. Na ɗaga kai na dubi allon tashar, sai na ji na karanta sunanta da abin da ke ƙasa gaba ɗaya, ban tsaya harhaɗawa ba. Gidajen nan masu tagogi sun buɗe, na ji muryar mutanen ciki. Na daɗe a wurin, har jirgin komawa ɗaya ya wuce ni.

Gurabena suka riƙa raguwa. Talatin da ɗaya ta koma ashirin, ta koma sha huɗu, ta koma tara. A tara ta tsaya, makina kuma ya tsaya a bakin layin cin jarrabawa, wani mako ya haura da ƙyar, wani mako ya gaza da kaɗan. Sai na yanke shawarar kai ƙara wajen mai dokar. Na sami shuɗiyar takardar wasiƙa ta jirgin sama, na rubuta wa Baba da ajami. Na bayyana masa da'irori huɗu, da na'ura, da cewa ba wanda zai karanta takardar a bayana balle ya ruɗe. Na ce, Baba, in canka ko in bari? Wasiƙa kan yi mako uku a hanya, amsa ma haka. Kullum na sauko sai na leƙa akwatin wasiƙu, har Obasan ta riƙa girgiza mini kai tun daga nesa.

Saura kwana tara jarrabawa amsar ta iso. Na hau sama da gudu na zauna bakin taga. Hannun Baba ne, baƙi, a tsaye, kamar kullum. Ya yi sallama, ya ce Inna lafiya, an yi girbi, gero ya yi kyau. Ya ce injinmu yana nan kwance, mata na ta fama. Sai ya rubuta: "Amma tambayar da ka yi, ko ka canka ko ka bari, amsarta ita ce". Daga nan babu komai. Fili ne fari, faɗin yatsu biyu. A ƙasansa ya ci gaba: "Allah ya yi maka albarka. Wassalam."

Na ɗaga takardar ga haske ko tawada ce ta koɗe. Na juya bayanta. Sai can na gane. Baba bai taɓa ganin irin wannan jarrabawa ba, bai san hukuncinta ba, shi ne ya yi mata abin da yake yi wa kalmar da gara ta ci. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mako shida ina jira, a aiko mini da fili. Na kai wa Malama na fassara mata. Ta riƙe takardar ta daɗe tana kallon gurbin, ta ce, "Ni aikina in ga ka ci. Wannan kuma ba da ni yake magana ba." Ta miƙo mini da hannu biyu.

Ranar jarrabawa Lahadi ce, sanyi kamar ya tsaga kunne. Obasan ta ba ni dunƙulen shinkafa biyu da sababbin fensira uku da ta fiƙe da kanta. Wani ƙaton zaure ne a wata jami'a, baƙi daga ko'ina, ba ka jin komai sai ƙarar fensir. Takardar haruffa ta zo mini da sauƙi, allo ya yi aikinsa. Ta saurare ma na ji komai. A ta ƙarshe, ta karatu da nahawu, na gama na koma baya na ƙirga. Bakwai ne ban sani ba. Mai tsaron jarrabawar ya ce saura minti biyar.

Na ajiye fensirin, na ɗauka, na sake ajiyewa. Wasiƙar na cikin aljihun ƙirjina, ina jin kaifin ninkinta. Na tuna zaure, na tuna bokitai. Sai na karanta tambaya ta farko sau biyu, yadda ake hadda, har ta zauna a kaina da amsoshinta huɗu, na baƙanta ɗaya. Haka na yi wa ta biyu, har ta bakwai. Da aka karɓi takardu ban tsaya gaisawa da kowa ba, na hau jirgi ina biya su a zuci don kada su zube. Ina isa ɗaki na dama tawada na rubuta su a allo, gaba da baya, na sa alama a kan waɗanda na zaɓa. Ban sake wanke allon nan ba.

Bayan wata biyu sakamako ya fito, na ci, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Obasan ta dafa jar shinkafa da wake, wai haka suke yi in abin farin ciki ya samu. Na wuce masana'anta na yi shekarata cikin baƙin mai, labarinta dabam ne. Amma duk wannan shekara ina bin tambayoyin nan bakwai. Na tambayi Malama, na tambayi ƙamus, na tambayi abokan aiki. Huɗu na kuskure. Biyu na dace. Ta bakwai kuwa Malama ta ce amsa ta biyu ce, Obasan ta rantse ta uku ce, wataƙila ni na zubar da wata kalma a hanya. Na ce da Malama, biyun nan da na dace, su suka haurar da ni? Ta yi lissafi a gefen takarda, ta ce ba za a iya sani ba.

Kun dai ga dawowata. Kun ga kwana biyu na yi a kan injin unguwa da littafinsa a buɗe, ashe wata 'yar roba ce ta cinye a ciki, ga bayaninta ɓaro-ɓaro a shafi na tamanin da wani abu. Kun ji guɗar da mata suka yi da ruwa ya zubo. Abin da ba ku gani ba, wanda ban taɓa faɗa a teburin shayi ba, shi ne abin da ya faru a zaurenmu da la'asar ɗin ranar da ruwan ya zubo.

Na ajiye wa Baba takardar shaidar a gabansa. Ya shafa ta, ya yaba kaurin takardar, ya ture ta gefe. Ya ce, "Wasiƙata ta same ka?"

Na ce, "Ta same ni, Baba."

"Me ka yi?"

Na ɗauko allon na ajiye. Na ce, "Bakwai na cike ban san su ba. Ga su nan. Huɗu na kuskure, biyu na dace, ɗaya har yau ban sani ba. Ban kuma sani ba ko da su na ci."

Ya ɗauki allon ya kai kusa da idonsa, don ganinsa ya ragu a bayana. Ya bi layukan da yatsa, har bayan. Ya ce, "Kawo wasiƙar." Na ciro ta, duk ta yi laushi a wajen ninki. Ya shimfiɗa ta a kan gwiwata, ya tsoma alƙalaminsa a tawada ya miƙo mini.

Ya ce, "Ni ban je ba, kai ka je ka gani. Ruwa kuma ga shi yana zuba. Cike mini gurbin, ko wani zai tambaye ni bayanka."

Na riƙe alƙalamin a kan filin nan. Na yi niyyar rubuta a canka, sai na tuna huɗun da na kuskure. Na yi niyyar rubuta a bari, sai ga ƙarar bokitai daga bakin famfo tana shigowa zauren. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Da na duba bakin alƙalamin, tawadar ta bushe.

Na ce, "Baba, ban sani ba."

Ya karɓi alƙalaminsa ya goge a gefen riga. Ya ninke wasiƙar yadda take, ya sa ta cikin gafakar da yake ajiye littattafan da bai gama ba. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce, "Ku kawo wa Habu abinci. Ɗan nawa ne suka dawo mini da shi."